Saniyar Baffa da Ke Cikin Teku

Ni mai awon hatsi ne. Rumfata tana Kazaure, amma ranakun kasuwa nakan bi motar kaya zuwa Gwiwa da Roni, wani lokaci har Babura idan gero ya yi sauƙi a can. Karatuna a firamare ya tsaya. Hausa ina karanta ta lafiya lau, Turanci kuwa sai na bi shi da yatsa. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin garinmu, shi ma daga baki nake tsayawa.

Gara in faɗi halina tun da wuri, don a gane abin da ya biyo baya. Ni mutum ne mai damuwa. Idan na auna wa mace tiyar dawa ta tafi, sai zuciyata ta fara tambayata ko na cika mata. Sau da yawa na bar rumfa na bi mutum har bakin titi da hatsi a tafin hannu. Idan na kulle wuri, sai na dawo na taɓa kwaɗon. Matata ta daɗe da daina yi mini magana a kan wannan. Taubashina kuwa, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da kayan babur a Roni, tun muna yara yake ce mini Sarkin Waswasi, har sunan ya bi ni kasuwa.

Muna da maƙwabci, dattijo, wanda ya yi shekaru masu yawa a Ikko yana aiki da masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida. Alhaji muke ce masa. Bayan sallar Juma'a mukan zauna a ƙofar gidansa ƙarƙashin darbejiya, a kawo shayi. Ni nakan je, taubashina yakan zo daga Roni, sai kuma wani Bafulatani, tsohon mai harkar shanu daga wajen Gwiwa, abokin marigayi mahaifina, wanda kowa ke ce wa Baffa. Dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana. Idan aka tambaye shi abu, sai ya gyara hularsa tukuna.

Wata Juma'a Alhaji ya miƙo mana wayarsa. Fuskarta shuɗi ce gaba ɗaya, da ƙananan ɗige-ɗige birjik.

"Wannan teku ne," in ji shi. "Kowane ɗigo jirgi ne, yanzu haka da muke zaune."

Ya taɓa ɗaya da yatsa, sai ga bayani ya fito: inda jirgin ya taso, inda ya nufa. Ya ce akwai wata ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa jirgi, ita ke faɗin inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Ya ce lokacin da yake Ikko, da akwai irin wannan, da bai yi furfura da wuri ba, don sai mai kaya ya yi ta zarya ofis yana tambaya, babu wanda ya san inda jirgi ya kwana. Sannan ya ce akwai wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje da ke ƙera irin na'urar, har da ta ƙananan jiragen masunta, kuma shi ya sayi hannun jari a cikinsa ta waya.

Taubashina ya yi dariya. "Alhaji, wato ka sayi abin da ba ka gani ba, a wurin da ba ka taɓa zuwa ba, hannun mutanen da ba su san ka ba."

"Na fi sanin su a kan yadda ka san masu ƙera tayoyin da kake sayarwa," in ji Alhaji.

Baffa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ashe ƙararrawa ce a wuyan saniya." Ya ba mu labarin shekarar da aka kore masa shanu daga mashaya, ya yi ta bin sawu har ya ƙetara Nijar, bai samu ko ɗaya ba. Ya ce duk wanda ke sana'ar sanin inda dukiyar mutane take, ba zai rasa mai nemansa ba. A nan take ya ce a sa da shi.

Taubashina ya shiga don kada a bar shi a baya. Ni ne na ƙarshe. Na je wajen limamin masallacinmu na tambaya ko halal ne. Ya sa Alhaji ya yi masa bayanin aikin kamfanin, ya yi tambayoyinsa, ya ce bai ga laifi ba. Na dawo gida, sai na tuna cewa a cikin jiragen nan wataƙila akwai mai ɗauke da giya. Na koma. Liman ya tambaye ni ko wanda ya gyara titin Kazaure zuwa Kano yana da alhakin duk abin da aka bi da shi ta kai. Na ce a'a. Ya ce to in je in huta. Na tafi, amma ban huta ba. Duk da haka na ɗauki abin da na daɗe ina tarawa don in gina ɗan sito a bayan rumfata, saboda damina kan jiƙa mini buhuna, na kai wa Alhaji. Duk jarinmu wuri ɗaya yake a cikin wayarsa, kowa ya san kasonsa.

Abin da ba a gaya mini ba, ko aka gaya mini ban ji ba, shi ne farashin abin nan ba ya zama wuri ɗaya. Idan ya hau sai rubutun ya zama kore, idan ya sauka ya zama ja. Damina ta wuce, kaka ta zo, wata daminar ta kusa, ja ya fi yawa. Kullum da safe kafin in tafi kasuwa sai na tsaya ƙofar Alhaji in yi sallama, kamar gaisuwa ta kawo ni. Shi kuma ya gane, sai ya fito da wayar a hannu.

"Ja ne kaɗan," ya ce. "Je ka kasuwa."

Ban taɓa ganin ya ƙosa da ni ba. Yakan zaunar da ni ya fassara mini abin da kamfanin ya rubuta wa masu jari, jimla bayan jimla, inda bai gane ba ya ce bai gane ba. Wannan ya sa na ƙara ganin girmansa. Amma bayani bai taɓa warkar da ni ba. Na rame. Ina cikin awo sai in ɓata lissafin tiya, in juye in sake. Matata ta ce mini wata rana, "Kai ne ka sayi abin nan ko shi ya saye ka?"

A irin wannan hali na je kasuwar Gwiwa, gab da faɗuwar ruwan farko, ana zafi. Da rana ta yi tsaka na bar wa maƙwabcin rumfa kayana, na nufi kara, inda ake cinikin dabbobi. Na tarar da Baffa zaune a inuwa, bijiminsa ɗaure a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba ka da lafiya?" Sai kawai na gaya masa gaskiya. Na ce ba zan iya ba, ina so in fita, amma ina jin kunyar Alhaji bayan duk wahalar da ya sha da ni.

Ya gyara hula. "Ka yi shawara da iyalinka?"

Na ce ita ma ta gaji.

"Ka ƙara haƙuri mana. Dabba takan rame da rani."

Na ce na yi iya nawa.

Sai ya ce idan fita zan yi, kada a kai wa baƙo, shi zai karɓa a kan farashin da wayar Alhaji ta nuna da safiyar ranar. Na san farashin, don na tsaya na gani. Na ce na yarda.

Baffa bai san wani ciniki ba sai irin na kara. Ya ɗaga hannu ya kira wani dillali da ke wucewa, ya ce ya zo ya shaida. Dillalin ya zo yana share gumi, ya dubi bijimin.

"Ba wannan ba," in ji Baffa.

"To ina dabbar?"

"Tana teku."

Dillalin ya dube ni, ya dubi Baffa, ya ga babu mai dariya. Ya ce, "To, ni dai shaida ce tawa." Ya haɗa hannuna da na Baffa, ya dafa nasa a kai. Baffa ya faɗi farashi. Dillali ya ce mini, "Ka sallama?" Na ce, "Na sallama." Ya ce, "Allah ya sa albarka," muka shafa. Baffa ya ba shi goro a madadin la'ada, ya karɓa yana gunagunin cewa bai taɓa cinikin da ba a duba haƙori ba. Kuɗin kuwa Baffa ya ce sai ya sayar da bijimin, don tayin da aka yi masa ranar bai yi masa ba. Muka bar shi a kan za mu gaya wa Alhaji tare ranar Juma'a.

Na koma gida da sauƙi a ƙirjina irin wanda na manta da shi. Washegari na wuce ƙofar Alhaji ban tsaya ba. Na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ranar Alhamis da hantsi ina rumfa, sai ga saƙon murya daga Alhaji. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kamar ya yi gudu. Ya ce albishirinmu, kamfanin ya samu babbar kwangila. Wata ƙasa mai dogon bakin teku ta ba shi aikin ɗaura na'ura a jiragen masuntanta, da gina wuraren da za a riƙa sa ido a kansu daga tudu. Ya ce aikin ya fi duk abin da kamfanin ya taɓa yi tun kafa shi. Ya ce farashi ya tashi sosai, kowa ya zo gobe.

Wata mata na tsaye tana jiran in auna mata wake. Na auna, na miƙa mata, ban ma bi ta da kallo ba.

Da na gaya wa matata, ta zauna a bakin gado ta ce, "Baffa ya biya ka?" Na ce a'a. Ta ce, "Alhaji ya sani?" Na ce a'a. Ba ta ce in fasa ba, kada in ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Amma tambayoyin biyu sun zauna mini. Na yi ta juya su. Ba a biya ba, ba a rubuta ba, a waya kuma komai yana nan yadda yake. Shaidar ma bai san abin da ya shaida ba. Na ga siton da zan gina, na ga shi da bulo da ƙofar ƙarfe. Sai kuma in tuna hannuna a cikin na Baffa da kalmar da ta fita daga bakina. Ni da nake bin mutane da tafin hatsi.

Ranar Juma'a taubashina ya riga kowa zuwa, da sabuwar hula. Tun daga nesa yake ɗaga mini hannu.

"Sarkin Waswasi! Yau ma akwai abin damuwa? Zo ka zauna kusa da ni, attajirai ba sa zama nesa da juna."

Baffa ya iso a bayan ɗan acaɓa, ya sauka a hankali. Muka gaisa. Bai nuna mini komai a fuska ba.

Alhaji ya sa tabarau ya fassara mana sanarwar kamfanin. Kafin ya kai ƙarshe taubashina ya ce, "A sayar. A sayar yau. Ni mota nake so, ko tsohuwa ce."

"Kai da ko dam ba ka taɓa shiga ba, har ka gaji da teku?" in ji Alhaji.

"Ai shi ya sa. Ina so in fito kafin in nutse."

Alhaji ya ajiye wayar a cinya. Ya ce mu saurara, don murna ba ta hana tunani. Ya ce sa hannu a kwangila daban, shigar kuɗi daban. Irin wannan aikin kashi-kashi ake biya, sai an gama wannan a duba sannan a biya, kuma ya ga yadda biyan hukuma kan yi jinkiri a ko'ina. Ya ce kafin kamfanin ya karɓi komai sai ya kashe nasa wajen ƙera na'urorin, kuma ƙarami ne, wataƙila sai ya nemo ƙarin jari, wanda zai iya rage ƙarfin namu. Amma ya ce abin da ya fi faranta masa rai ba girman aikin ba ne. Ƙasa guda ta duba manyan kamfanoni ta zaɓi wannan ƙaramin, kuma maƙwabtanta suna kallo. Idan aka yi aikin da kyau, su ma za su zo.

"Idan ba a yi da kyau ba fa?" in ji taubashina.

"Sai ka ci gaba da hawa babur."

Baffa ya gyara hula. "Alhaji, wanda ke riƙe da garken, shi ne dai na da?"

Alhaji ya ce shi ne, mutumin da ya kafa kamfanin, bai gudu ba duk shekarun da abin bai yi daɗi ba, bai kuma sayar da nasa kason ba.

"Madalla. To yaransa fa? Wanda ya saba da shanu kaɗan, idan aka damƙa masa garke babba rana ɗaya, ba ciyawa ce ke fara gagarar sa ba, masu kora ne."

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce wannan ita ce tambayar da shi ma bai samu amsarta ba, sanarwar dai ta ce za su ɗauki ƙarin ma'aikata. Baffa ya ce to a sa ido a nan. Ya ce shi ba ya sayar da dabba ranar da ta fara ƙiba, amma ba ya hana wani.

Ina zaune ina jin su, ina ganin hankali irin na mutanen nan biyu, ɗaya ya ga jirage da idonsa, ɗaya bai gani ba, kuma suna fahimtar juna sarai. Shayin da ke hannuna ya huce. Sai Alhaji ya juyo ya ce, "Kai ba ka ce komai ba. A riƙe ko a sayar?"

Na dubi Baffa, yana kallon ƙasa. Na gane ba zai fara magana ba, ya bar mini.

Na ce, "Alhaji, ni ba ni da ta cewa. Kasona ba nawa ba ne. Na sayar wa Baffa a kasuwar Gwiwa."

Taubashina ya ajiye kofinsa da ƙarfi. "Yaushe?"

Na faɗa masa.

"Innalillahi. Ya biya ka?"

"Bai biya ba tukuna."

"An rubuta?"

"Ba a rubuta ba."

"To ai babu ciniki! Hira kuka yi a inuwa. Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ka san yaron nan ba shi da cikakken hankali, mu ne muke rufa masa asiri a dangi."

Na ce, "Na ce na sallama. A gaban shaida."

"Wane shaida?"

"Dillalin kara."

"Dillalin kara ya shaida cinikin jirgin ruwa! Jama'a, ku ji mini. Kai, shekara guda cur kana tsoron abin nan, sai ranar da ya kamata ka ji tsoron rabuwa da shi ka yi jarumta?"

Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya ce a wajensa babu abin da ya canja, don ba a gaya masa ba, amma shi mai riƙo ne kawai. Abin da mu biyu muka tsayar shi zai bi.

A lokacin ne Baffa ya sa hannu a aljihun cikin rigarsa ya fito da ƙunshi a leda. Ya ce ya sayar da bijimin a Babura. Ya ajiye ƙunshin a gabana a kan tabarma. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Ashe a can ƙasan zuciyata ina sa ran zai ce a bar maganar.

Ya dube ni. "Ɗana, da na ce a fasa, za ka karɓa?"

Na yi tunani, don ba na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Zan karɓa, Baffa. Amma ba zan ƙara barci mai daɗi ba."

Alhaji ya yi dariya, har taubashina sai da ya murmusa.

"Na sani," in ji Baffa. "Na san mahaifinka, shi ma haka yake, bai dai kai ka ba. Kuma kai da bakinka kake cin abinci. Mace ta aiko yaro wajenka da kwano don ta san ba sai ta sake aunawa ba. Ba zan zama wanda ya fara warware maganarka ba. Ciniki ya faɗa. Ɗauki kuɗinka, je ka rufe hatsinka daga ruwa."

Na ɗauka. Baffa ya juya wajen Alhaji.

"Alhaji, ka shaida, kasonsa ya dawo nawa."

"Na shaida."

"To, tunda saniyar tekun nan tawa ce, ina da ikon yin abin da na ga dama da ita." Ya sake sa hannu a aljihu, ya zaro igiya, wadda aka kwance daga wuyan bijimin da ya sayar, ta sha jiki har ta yi santsi. Ya ce a wajensu akwai abin da ake kira haɓɓanaye. Na taɓa jin kalmar a bakin mutanen Nijar a kasuwar Babura, amma ban san ta sosai ba. Ya ce mutum kan ɗauki karsana daga garkensa ya ɗaura wa wanda yake ƙauna. Ba sayarwa ba ce, ba kyautar uwar ba ce. Wanda aka ɗaura wa shi zai riƙe ta, ya kula da ita. Abin da ta haifa nasa ne, har haihuwa uku. Bayan nan ya mayar da uwar ga mai ita.

Ya miƙo mini igiyar. "Na ɗaura maka ita. Ranar da kamfanin ya raba riba, abin da ya faɗo a kan wannan kason naka ne. Uwar tawa ce, ta yi ƙiba ko ta rame, ba asararka ba ce. Amma ka sani, saniyar haɓɓanaye ta fi ta mutum wahala. Ita ake fara shayarwa, ita ake fara dubawa da safe. Duk ranar kasuwa zan tambaye ka lafiyarta."

Taubashina ya ce, "Baffa, ai ka samu makiyayi. Wannan ko ba a sa shi ba yana dubawa."

"Shi ya sa ban ɗaura maka ba," in ji Baffa.

Alhaji, da yake mutum ne da ba ya barin a tashi da fahimtar da ba daidai ba, ya ce ya kamata mu sani ƙananan kamfanoni irin wannan sukan daɗe ba su raba riba ba, suna mayar da ita cikin aiki. Zai iya ɗaukar shekaru, zai iya yiwuwa ma ba a raba ba sam. Baffa ya ce karsana ma ba ta haihuwa shekarar da aka kawo ta, wata kuma juya ce, mai ɗaurawa bai sani ba. Wannan na Allah ne.

Na karɓi igiyar da hannu biyu. Na so in yi godiya mai tsawo, abin da ya fito kawai shi ne, "Baffa, wannan ya halatta kuwa?" Suka fashe da dariya gaba ɗaya. Duk da haka washegari na je wajen liman. Ya ce mutum ya ba ka amfanin dukiyarsa da yardarsa, me kake nema kuma? Ya ce in gaishe da Baffa.

Taubashina ya sayar da rabin nasa a makon, bai kai kuɗin mota ba, ya ƙara kaya a shago. Alhaji da Baffa suka riƙe. Ni na gina siton da kuɗin da Baffa ya biya ni. Na ƙasa ne da rufin kwano, ba na bulo ba, ƙofar kuma ta katako. Bai taɓa yoyo ba.

Na koma tsayawa a ƙofar Alhaji da safe. Amma abin ya canja, ban san yadda zan bayyana shi daidai ba. Ja ya sake zuwa, don biyan farko ya yi jinkiri kamar yadda Alhaji ya faɗa, farashi ya sauko. Na damu, amma damuwar mai aiki ce, wadda ke da inda za a kai ta. Na koyi tambayar abin da ya kamata: an ɗauki ma'aikatan? An gama kashin farko? An biya? Ranar kasuwar Gwiwa, kafin in kwance buhu, sai in je kara. Baffa ya ce, "Yaya saniyata?" In ba shi labari dalla-dalla. Dillalin nan yakan tsaya ya saurara. Har yau yana tambayata ko ta fito daga ruwan.

An daɗe. Har na cire rai, ban dai faɗa ba. Sai wata Juma'a Alhaji ya ce an raba riba a karon farko. Ba ta da yawa. Abin da ya faɗo a kan kason ya isa 'yar akuya, ita na saya a kasuwar Roni, ja mai farin goshi. Na kawo ta gida na ɗaure ta a turke da igiyar Baffa, wadda take rataye a sito tun ranar.

Da Juma'a ta zagayo na roƙe shi ya biyo ta gidana ya gani. Ya tsufa sosai a lokacin, sai da na riƙe masa hannu a bakin zaure. Ya tsuguna, ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙori, ya shafa bayanta, ya tambayi yadda na saya. Na faɗa masa. Ya ce an ɗan cuce ni, amma ba sosai ba. Ya sa mata albarka. Sannan idonsa ya kai kan igiyar.

"Wannan ta uwar ce," ya ce. "Tare da uwar za ka dawo mini da ita. Nemi wata ka ɗaure 'yar."

Bai kai ƙofa ba na kwance ta. Matata ta riƙe akuyar a tsakar gida, na fita neman igiya a maƙwabta.